Python ta yarda, Java ta ƙi: littafin wanne zan saya?

Tambaya: Malam, ɗalibin kwamfuta ne ni a ABU, Samaru. Na sa wa bariyabul (ma'ajiyar bayani a firogiram) suna kudi yana ɗauke da lamba, can cikin for (umarnin maimaita aiki) na sake buɗe wani kudi mai ɗauke da rubutu. A harsunan firogiram biyun da na gwada, Python ba ta ce uffan ba, Java kuwa ta ƙi sam. Kuɗin littafi ɗaya gare ni. Wanne zan saya?

Amsa: Ƙanena, sayi na Java. Ƙin da ta yi maka gata ne.

Kowane suna da huruminsa, wato inda ake ganinsa a cikin firogiram. A Java, muddin kudi na farko yana raye a cikin fankishin (guntun firogiram mai aiki guda), ba ka da ikon buɗe wani mai sunansa a shingen ciki (irin na for), ko nau'insu ɗaya ko daban. Sai dai in na farkon na kilas ne (babban rukunin da fankishin yake ciki), nan za ta bar ka, ka riƙa kiransa da this.kudi.

Shirun Python shi ne abin tsoro. A wurinta for da if ba sa buɗe sabon hurumi, saboda haka ba bariyabul biyu ka yi ba, ɗaya ne ka danne. Misali, lambar 500 ta tafi, rubutun "500" ya zauna. Ninka shi da 2 ka sha mamaki: 500500 zai fito, ba 1000 ba. Da lissafin kuɗin kanti ne, da an kwana ana rigima.

C kuma, wani harshen, hanyarta daban. Kamar gida ne mai Musa biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a zaure: in ka yi kira daga ɗaki, na kusa ne zai amsa. Da ka fita shingen, na waje ya dawo da lambarsa ba abin da ya taɓa ta. In da gcc (manhajar da ke fassara C) kake aiki, ƙara -Wshadow ya riƙa yi maka kashedi. Rust ma da gangan ta halatta a maimaita suna da sabon nau'i.

In ka shiga kantin littattafai, duba bugun kafin ka biya. Wanda bai kai Java 8 ta 2014 ba, bar musu kayansu komai arharsa. Python kuwa bayananta kyauta suke a intanet, data kawai za ka saya. Shi kuma kudi na biyun nan, sake masa suna tun yau, ko kudiRubutu ne.