Da gaske ne gwamnatin Amurka na biyan manomi ko bai yi shuka ba?

Tambaya: Ƙanena yana aiki a wani ƙauye a jihar Ayowa ta Amurka. Ya ce gwamnati na zuba wa manoman gundumarsu kuɗi a banki, har da wanda bai shuka komai ba. Da gaske ne? Yaya ake lissafin?
Daga wani manomin masara a Funtuwa.

Amsa: Malam, ƙanenka bai ƙara gishiri ba. Abin ya samo asali tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Yau ma'aikatar noma ta tarayya tana da ofisoshin FSA, hukumar da ke kula da tallafin manoma, a gundumomi, gunduma kuwa kamar ƙaramar hukuma take a wajenmu. A can manomi ke rajistar gonarsa, kuma akwai kwamitin da manoman yankin ke zaɓa da kansu.

Wanda ka ji an biya bai yi shuka ba, galibi yana cikin shirin CRP ne, wanda aka kafa a 1985. Gwamnati kan karɓi hayar ƙasar da zaizaya ke ci, na shekara 10 zuwa 15, a bar ta da ciyawa ko itatuwa ta huta.

Sai dai inda nake so ka tsaya da kyau shi ne shirye-shirye biyu da dokar noma ta 2014 ta kawo. Na farko, PLC, farashi yake dubawa. Dokar ta sa wa masara dala 3.70 kan kowane bushel, wato mudun awonsu mai nauyin kusan kilo 25; in farashin kasuwa ya gaza haka, sai gwamnati ta biya giɓin. A kakar 2019 matsakaicin farashin ƙasa ya tsaya a dala 3.56, giɓin ya zama santi 14. Ɗauki manomi mai eka 100 a rajista, wanda aka rubuta wa bushel 150 a kowace eka. Kashi 85 cikin 100 na ekokin rajista ake lissafawa, wato a kan eka 85 kawai za a biya shi, don haka dala 1,785 zai samu, kuma sai a Oktoban 2020 kuɗin suka fito. Maƙwabcinsa mai eka 2,000 kuwa, dala 35,700. Lura, tsohon tarihin gonar da ke cikin rajista ake bi. Ko waken suya ya shuka a wannan shekarar, kuɗin masara zai karɓa.

Na biyun, ARC, yawanci da matsakaicin samun gunduma baki ɗaya ake auna shi. Ƙanƙara za ta iya kwantar da masararka kai kaɗai, amma muddin gundumar ta yi albarka, ko sisi ba za ka gani ba. Manoma biyu da hanya ce kawai ta raba gonakinsu, in iyakar gunduma ta bi ta wannan hanyar, ɗaya ya samu, ɗaya ya tashi a tutar babu. Irin wannan asarar ta mutum ɗaya inshorar amfanin gona ce ke ɗauke ta, ita ma gwamnati ke biyan kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin sayenta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin na bin faɗin ƙasa, bai damu da wanda ke cikin matsi ba. Dokar 2018 ta ƙayyade dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara, amma gonar iyali na iya shigar da 'yan'uwa a matsayin abokan tarayya, kowa da nasa kason. Mai ƙasa kuma da ya san tallafi na tafe sai ya ɗaga kuɗin haya, saurayin da ke son fara noma ya rasa inda zai sa garma. Mai noman tumatir ko latas ma ba ya cikin waɗannan shirye-shirye biyu. Masara, waken suya, alkama, shinkafa, gyaɗa da auduga su ne 'yan gata.

Kada kuma ka haɗa shi da shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kabi a 2015. Wancan bashi ne da aka riƙa bai wa manoma su biya bayan girbi, na Ayowa kuwa ba a mayarwa. In kun yi waya da ƙanen naka, ka tambaye shi ko manomin da aka biyan shi ne mai gonar, ko haya yake yi.