Amsa ga mai son ƙera ƙaramar igwar morta

Ɗan'uwa daga Ringim, ka tambayi yadda za ka ƙera samfurin igwar morta, wato gajeriyar igwa mai cilla harsashi sama, ba tare da sayen kayan haɗawa ba. Fara da awo. Morta mai bakin milimita 81 irin ta sojan Ingila, tsawon bututunta kusan mita 1.28 ne. In ka rage shi sau goma, sai ka nemi bututu mai santimita 13. Gangar biro ta yi daidai, ka toshe gindinta da ƙullin takarda.

Faifan da take zama a kai, murfin gwangwanin madara ya isa. Ƙafafu biyu da ke tallafe bututun ne ke ba da wuya. Ni wayar tayar keke na karɓo wajen mai faci, na lanƙwasa da filaya, sai da na ɓata huɗu kafin biyu su zo daidai. Ka ɗaure su a wuyan bututun da zaren tagulla, sannan ka ɗiga gam.

Don Allah kada ka kwantar da bakinta. Morta sama take kallo, fiye da digiri 45, shi ya sa harsashinta ke faɗowa bayan tudu. Fenti kuwa kore mai duhu, ka shafa ɗan toka kafin ya bushe.