Tambaya da Amsa: Ina man Borno ya shiga?

TAMBAYA: Malam don Allah ya aka yi Nijar da Chadi ke haƙo mai amma mu shiru, ba ƙasan iri ɗaya bane? Daga wani mai karatu a Maiduguri

AMSA: Ɗan'uwa a sama ne suke kama, can ƙasa kowa da tsarinsa. Agadem, inda Nijar ke haƙo manta, na kan tsagin Termit ne, wani rami mai zurfin gaske da ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, laka da matattun halittun ruwa suka yi ta taruwa ciki har zafi ya dafa su suka zama mai, ga yashi ya tsotse shi ga laka ta rufe samansa ya rasa hanyar gudu. Shiyasa tun 2011 matatar Zinder ke aiki.

Borno kuma NNPC ta haƙa rijiyoyi 23, gas kaɗan aka gani a rijiyoyin Wadi da Kinasar wanda bai kai na kasuwa ba. Masana na zargin narkakken dutsen da ya kutsa wurin ya ƙona wani ɓangaren man. Sai kuma rashin tsaro, harin da Boko Haram ta kai wa masu binciken mai a Magumeri a 2017 ya tsayar da aikin, sai 2023 aka koma haƙa. Ni dai ban cire rai ba, musamman a kan gas.