Ɗiyata, ga amsar tambayarki a kan girki da ƙaramin cefane

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Kin ce tun da kika tare a ɗakinki kuɗin cefane ba ya kai ku ƙarshen wata, kina tambaya ko abubuwan da kika taso kika ga tsofaffi suna yi a madafa, irin su jiƙa wake tun dare, daɗewa ana soya albasa, adana ƙashi da ƙin zubar da ragowar abinci, al'ada ce kawai da rashi ya haifar, ko kuwa akwai dalili a ciki. Kin kuma ce kina jin nauyin ajiye wa baƙo kwanon da babu nama. Zan amsa miki duka, sai dai ki yi haƙuri da tsawon zancen.

Gaskiya ne rashi ne ya koya musu mafi yawan waɗannan abubuwa, amma hakan bai rage musu daraja ba. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Jamus mai suna Ernst Engel ya bi kasafin gidajen ma'aikata, ya gano cewa duk gidan da samunsa ya fi ƙanƙanta, kason da abinci ke cinyewa a cikin samun ya fi girma. Ke nan a gida irin naku, madafa ce wurin da kuɗi ke tsira ko ya salwanta. Matan da suka riga mu sun san haka ba tare da sun ga alƙaluma ba, shi ya sa suka zauna suka gano inda daɗin abinci yake fitowa. Mafi yawansa daga wuta yake, da lokaci, da sanin abin da za a fara sakawa a tukunya.

Mu fara da albasa, don a nan na ga yaran yanzu suka fi yin asara. Ruwa idan ya tafasa zafinsa yana tsayawa a digiri 100, ko da kin cika murhu da wuta. Shi kuwa launin ja-ja da gardin da soyayyen abu ke yi, sai zafi ya kai wajen digiri 140 yake kankama. Wani masanin sinadarai na Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin yadda hakan ke faruwa a 1912: sukari da furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin abinci ne suke haɗuwa a kan zafi su haifar da sabon ƙamshi. Saboda haka albasar da aka jefa cikin ruwa ba za ta taɓa ba ki abin da soyayyiya za ta ba ki ba, alhali kuɗinsu ɗaya.

Ki zuba mai kaɗan ya yi zafi, ki sa yankakkiyar albasa da ɗan gishiri, wuta matsakaiciya. Da farko za ta saki ruwa ta yi haske. Kada ki yi gaggawa a nan, nan ne kowa ke ƙosawa ya antaya tumatir. Ki ci gaba da juyawa lokaci-lokaci har gefenta ya fara yin ja, ta ragu ta koma kamar rabin yadda kika zuba, warin nan mai sa hawaye ya tafi, wani ƙamshi mai zaƙi ya taso. Minti goma zuwa sha biyar ke nan. A wannan gaɓar ake sa tafarnuwa da citta da sauran kayan ƙamshi, domin ƙamshinsu a cikin mai yake narkewa ya bi abincin gaba ɗaya. Amma kada su wuce minti guda, tafarnuwa da ta ƙone ɗaci take yi. Sannan tumatir ya shiga, ki bar shi ya soyu har ruwansa ya ƙafe, tsaminsa ya mutu, mai ya taso sama. Abin nan mai launin ƙasa da ya kama gindin tukunya, muddin bai yi baƙi ba, ki zuba ruwa kaɗan ki kankare shi da cokali ya koma cikin miya. Mutane da yawa wankewa suke yi su zubar, ba su san rabin daɗin ke nan ba.

Akwai wani ɗanɗano kuma da harshe ke nema, wanda idan babu shi sai a ce abinci ya yi lami ko da gishiri ya ji. Wani malamin jami'a a Japan, Kikunae Ikeda, ya gano tushensa a 1908, wani sinadari ne da ake kira gulutamet. Yana nan a cikin nunannen tumatir, yana nan a busasshen kifi. Abin da zai amfane ki a nan shi ne, idan na cikin kayan lambu ya haɗu da ɗan abin da ke cikin nama ko kifi, ƙarfin ɗanɗanon yana ninkawa sosai. Don haka ɗan guntun busasshen kifi da kika dake kika barbaɗa yana iya ɗaga tukunya guda. Dunƙulen ɗanɗano da ake saya shi ma wannan aikin yake yi, ban hana ki ba, amma ki sani gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen. Idan kin sa shi, ki rage gishiri. In kuma kin ɗanɗana kin ji kamar da saura, kafin ki ƙara gishiri ki gwada matsa lemun tsami kaɗan bayan kin sauke. Sau da yawa shi ne ya rage.

Yanzu wake. Ni dai a ganina babu abokin mai ƙaramin ƙarfi kamarsa, kuma ina jin takaici idan na ji ana raina shi. A busasshen wake, kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, abin da ke gina jiki, ga shi kofi guda idan ya dahu yana komawa biyu zuwa uku. Furotin ɗinsa yana da ƙarancin wani sashe da hatsi ke da shi, hatsi kuma yana da ƙarancin wani da wake ke da shi, to idan aka ci su tare sai su cike wa juna. Shi ya sa kusan duk inda kika je a duniya za ki tarar mutane sun haɗa wake da shinkafa, ko da masara, ko da alkama, ba tare da sun yi shawara da juna ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2016 sukutum don wayar da kai a kan wake da danginsa.

Jiƙa shi tun dare kuwa ba camfi ba ne. Ruwan da zai ɗauki lokaci yana shiga cikinsa a kan wuta, ya riga ya shiga a banza kina barci, sai ya nuna da wuri, makamashi ya ragu. Ki zubar da ruwan jiƙon ki sake sabo, don wasu daga abubuwan da ke kumbura ciki suna fita a cikinsa. Kada ki haɗa shi da tumatir tun farko, tsami yana hana shi laushi, sai ya nuna tukuna. Idan kuma jan wake ne mai siffar ƙoda, wajibi ne ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti 10, domin yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda tafasa sosai ce ke kashe shi. Ga wata ƙarin fa'ida gare ki ke mace: sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye, wanda ke ƙara jini, jiki ya fi ɗaukarsa idan akwai bitamin C a tare, kamar lemun tsami ko ɗanyen tumatir. Shayi kuwa yana rage ɗaukarsa, ki jinkirta shi zuwa bayan abinci da ɗan lokaci.

Ƙashi da jijiya da guringuntsi sun fi tsoka araha, kuma a romo sun fi ta amfani, don abin da ke sa su tauri shi ne yake narkewa a hankali ya ba romo kauri da maiƙo. Ki sa su a ruwan sanyi, ki kwashe kumfar da ta taso, ki rage wuta ya riƙa zaɓalɓala a hankali na sa'o'i biyu ko uku. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Da wannan romon za ki dafa shinkafa ko wake, wanda ya ci zai rantse akwai nama a ciki. Nama ɗan kaɗan da kika samu kuwa, ki yanka shi ƙanana ki soya ya yi ja, ya zama abin ba da ɗanɗano ga tukunya gaba ɗaya. Kada ki manta da ƙwai, guda ɗaya yana da furotin wajen giram 6.

Makamashi ma cefane ne, ko da yake ba a ganinsa a kwano. Ki rufe tukunya. Da zarar ta tafasa ki rage wuta, tunda na gaya miki ruwa ba ya wuce zafinsa. Shinkafa idan ta kusa tsotsewa ki kashe wuta ki bar ta a rufe, tururinta zai ƙarasa ta. In Allah ya hore miki wata rana, tukunyar furesha, mai kulle tururi a cikinta, ta cancanci kuɗinta, zafin cikinta yana kaiwa wajen digiri 120, wake ya nuna a ƙasa da rabin lokaci.

Wajen saye, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki san abin da za ki dafa na mako kafin ki fita, ki duba abin da ya rage a gida. Abin da ba ya lalacewa, hatsi da wake da mai, ki saya da ɗan yawa idan kuɗi ya shigo, don sayen kaɗan-kaɗan kullum ya fi tsada. Kayan lambu kuwa ki bi wanda ke kakarsa, shi ne mafi araha kuma mafi daɗi, idan ya yi yawa ki shanya ko ki dafa ki adana.

Sai ragowar abinci, kuma a nan ina so ki natsu, don a nan ne na yarda da tsofaffi rabi na saɓa musu rabi. Sun yi gaskiya da suka ƙi zubarwa. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, kuma wajen kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Shinkafar jiya ta fi sabuwa daɗin soyawa da albasa da ƙwai. Waken jiya a marmasa shi ya ƙara wa miyar yau kauri. Amma barin abinci a tukunya ya kwana a ɗaki mai zafi, da safe a ɗan ɗumama a ba yara, wannan kam ban goyi baya ba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i 2 a ajiye haka nan. Shinkafa ce ta fi yaudara. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda irinta ke jure dahuwa, idan shinkafar ta huce ta daɗe sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta, ba ta kuma canza warin abincin balle ki gane. Idan kina da firij, ki baza ragowar a faranti ta huce da wuri ki saka. Idan babu, ko wutar ba ta da tabbas, ki dafa daidai cikinku, ya fi miki. Abin da za ki ɗumama kuma ya yi zafi har cikinsa, yana tururi, sau ɗaya tak.

Haka nan hatsi ko gyaɗa da suka yi fumfuna. Na sha ganin ana wankewa a dafa don ƙyashin asara. Kada ki yi. Wasu nau'in fumfuna suna haifar da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, har takan kai ga sankara, kuma girki ba ya kawar da ita. Ki zubar, ki kuma riƙa ajiye kayanki a busasshen wuri, a mazubi mai murfi, ba a kan dandaryar ƙasa ba.

Maganar baƙo kuwa ta ɗan sosa mini rai, don na san irin nauyin da ke zuciyarki. Ɗiyata, mutumin kirki da ya zo gidanki ba ƙirga tsoka ya zo yi ba. Abin da yake lura da shi shi ne abinci ya zo da zafinsa, a kwano mai tsabta, da ruwan sha, da fuska a sake. Wanda kuma zai raina ki don babu nama, ko rago kika yanka masa sai ya sami abin faɗa. Kada ki ci bashi don ki burge kowa, kada kuma ki kwashe kuɗin abincin mako a kan faranti guda ku wuni kuna kallon juna ke da maigidanki. Idan baƙo ya zo babu shiri, ki dafa shinkafa da romon da kika adana, ki soya albasa mai yawa har ta yi ja ki zuba a kai, ki dafa ƙwai ki raba biyu ki jera a gefe, da ɗan yankakken tumatir da lemun tsami. Ki ajiye masa ba tare da kin ba da haƙuri ba, don ba ki yi laifin komai ba.

Ki zauna da maigidan ku faɗa wa juna gaskiyar abin da ke shigowa a wata, ku ware na hatsi da wake da mai tun ranar farko, sauran ku raba shi mako-mako. Ki gaishe mini da shi. Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku.