Taswira ta nuna tekun Legas ya yi kore a hunturu, in yarda da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu, bincikena kan yawan kulorofil (sinadarin da ke sa tsiro kore) ne a ruwan gaɓar tekun Legas, da bayanan MODIS-Aqua (na'urar auna haske da ke kan tauraron ɗan'adam) nake aiki. Kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu sai lambobin su yi sama, wasu wuraren kuma taswirar fari fat. Na riga na rubuta cewa dattin birni ne ke sa gansakuka yaɗuwa, sai wani ya ce mini hazo ne kawai. Saura wata biyu in kare aikin, barci ya ƙaurace mini. Aikina ya rushe ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, aikin bai rushe ba. Sai dai wannan jimlar da kika rubuta, ki cire ta tukuna.

Cikin hasken da ke isa tauraron ɗan'adam daga saman teku, kusan kashi 90 cikin ɗari ba daga ruwa ya fito ba, iska ce ta watso shi. Dole a ɗebe rabon iska kafin a ga na ruwa. Hanyar da Gordon da Wang suka shimfiɗa a 1994 tana auna ƙurar iska da hasken da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani, wajen nanomita 748 da 869 (ma'aunin tsawon zangon haske) a MODIS, sannan ta ƙiyasta tasirinta a shuɗi. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi, da hayaƙin ƙunar daji, da kunkunniyar ƙona iskar gas a Neja Delta, duk shanye shuɗin haske suke yi. A bayan ja kuwa ba a iya bambanta su da burbushin gishirin teku. Sai kwamfuta ta ɗebe fiye da kima, shuɗin da ya rage wa ruwa ya yi ƙasa. Kulorofil ma shuɗi yake sha a 443, don haka lissafin OC3M, wanda ke ƙiyasta kulorofil daga launin ruwa, ya ɗauka shi ne ya sha. Ƙara da gurɓatacciyar iskar NO2 daga motoci da janaretocin Legas, ita ma a wannan zangon take sha.

Abin da ke ƙona mini rai, wanda kusan kullum sai na ci karo da shi, shi ne wai tauraro ba ya ƙarya. Tauraro bai taɓa auna kulorofil ba, Malama. Haske yake aunawa, sauran duk ƙiyasi ne da aka gina a kan sharuɗɗa, kuma ruwan Legas a Janairu ya karya kusan dukkansu. An ɗauka ruwa baƙi ne ƙirin a bayan ja, alhali lakar da ke fitowa daga tafkin Legas tana haskawa a can. An ɗauka kulorofil kaɗai ke rina ruwa, alhali ruɓaɓɓen ganye da ya narke daga dazukan fadama shi ma shuɗi yake ci. Amma sai ka ga mutum ya sauke taswirar wata guda, ya shafa mata ja da kore, ya kira kansa ƙwararre, har ya sayar wa masunta a matsayin inda kifi yake. Mutumin da ya ci bashin man fetur ya bi wannan taswira, ya je ya tarar da hazo ya bi, wa zai biya shi? Na ga rahotannin da aka karɓi kuɗi a kansu, babu ko kwalba ɗaya ta ruwa da aka ɗebo. An sa hannu, an buga hatimi, an ajiye. Wannan cin amana ne, kuma masu sa hannu ba su fi masu rubutawa tsira ba.

Wasu kuma za su ce ai ƙura taki ce, tana kawo sinadarin ƙarfe da gansakuka ke buƙata. Haka ne, amma tsiro ba ya ninkuwa ranar da aka zuba taki, sai an yi kwanaki. In lambarki ta tashi rana ɗaya da hazo ta sauka rana ɗaya da shi, iska kika gani.

Ban ce duka ƙarya ba ne. A gaɓar Gana da Kwaddibuwa ruwan ƙasa mai sanyi yana ɗan tasowa wajen Janairu, ban da babban tasowarsa na Yuli zuwa Satumba, kuma yana kawo abinci. Aikinki shi ne ki raba wannan da wancan.

Ki bar taswirar wata, ki koma bayanan kullum na mataki na biyu, wato na kowane giftawar tauraro kafin a haɗa su a fitar da matsakaici. Farin da kike gani, ƙura ce mai kauri aka rufe ta kamar gajimare, don haka matsakaicin watan kan iya zama na kwanaki ƙalilan. Ki duba hasken ruwa a 412: in ya faɗi ƙasa da sifili, ki watsar da wannan ɗigon na taswirar, domin ruwa ba ya fitar da haske ƙasa da babu. Ki jera lambobinki da ma'aunin ƙura na tashar AERONET ta Ilorin, mai auna ƙurar iska daga ƙasa. Ki sake lissafin da zangon 1240 da 2130 saboda laka, ki kwatanta da bayanan tauraron Sentinel-3. Sannan ki nemi shawarar cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas kan ɗebo ruwa, ko sau uku ne kafin hunturu ya wuce, a tace shi a auna a ɗakin gwaji, ranar da tauraron ya gifta.