Maigidana ya tashi daga fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, amma halinsa ya sauya

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata biyu ke nan da aka sallamo maigidana daga asibiti, jijiyar jini ce ta kumbura ta fashe a kansa, aka yi masa aiki. Yana tafiya yana magana, amma barci ya yi masa yawa, ga mantuwa, ga saurin fushi da yara. 'Yan uwansa sun ce a kai shi ruƙiyya, abokansa na Kantin Kwari kuma sai tambaya suke yaushe zai koma shago. Me zan yi? Daga wata uwargida a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da kike gani ragowar ciwon ne, ba lalaci ba ne kuma ba taɓin aljanu ba. Aikin da aka yi masa toshe inda jinin ke zuba ya yi, amma jinin da ya riga ya malala a kewayen ƙwaƙwalwa ya bar rauni. Shi ya sa ake ba irin waɗannan majinyata maganin nimodipine har kwana 21, don a makonni biyun farko jijiyoyi kan tsuke su rage wa ƙwaƙwalwa jini. Ya tsallake wannan siraɗin. Saura warkewa, wadda takan ci watanni, wani har shekara da ɗoriya.

Gajiyar nan ita mutane suka fi kasa fahimta, tunda ba a ganinta. Hirar rabin awa da 'yan dubiya na iya kwantar da shi wuni guda. Mu Kanawa akwai zumunci, amma a nan sai kin daure kin taƙaita masu shigowa. Ki bar shi ya yi barcin rana, ki riƙa rubuta masa lokacin magani da abin da za a yi gobe. Idan fushin ya taso, ki janye yara, kada ki biye masa. Addu'a ba ta hana magani, sai dai kada a dakatar da ƙwayar hawan jini saboda wani jiƙo. Sigari kuwa lallai ne ya yi bankwana da ita.

Ki nemi likitan da ya yi aikin ya tura shi sashen gashin ƙashi da motsa jiki (physiotherapy), akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ki faɗi maganar mantuwar da fushin ƙarara, don damuwa kan biyo bayan wannan ciwo kuma tana da magani. Kada ku tsallake ranar komawa hoton kai.

Shago ya fara da awa biyu a zaune, lissafin kuɗi a hannun wani. Tuƙi da azumi sai likita ya amince. In ciwon kai mai tsanani ya zo farat ɗaya, ko amai, farfaɗiya, ruɗewa, barcin da ke wuyar tashi, ko ɓarin jiki ya saki, ku wuce asibiti nan take ko da tsakar dare ne.