Tambaya da Amsa: Motata ta maƙale a giya ɗaya, shin giyabos ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giya otomatik. Ina dawowa daga Bauchi, bayan na wuce Alƙaleri, sai fitilar injin ta kama, motar kuma ta ƙi canza giya, tana tashi da nauyi kamar an ɗaure ta. Idan na kashe ta na sake tayarwa, takan yi lafiya na ɗan lokaci. Bakanikena ya ce sai na sayi giyabos na Beljiyam. Haka ne?
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ganina bakanikenka ya yi gaggawa, domin alamomin da ka lissafa sun fi kama da matsalar solonoyid, ƙaramin bawul ɗin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa domin tura man giya zuwa kulochin da ya dace. Idan datti ya riƙe shi ko wayarsa ta sami matsala, mai ba zai bi hanyarsa ba, kwamfutar motar kuma takan tsayar da ita a giya guda don kada a yi ɓarna. Giyabos ɗin da ya ƙone da gaske ba ya warkewa don kawai an kashe mota an kunna.

Abin da za a fara yi shi ne jona na'urar bincike a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Na'urar za ta nuna lambobin matsala: P0751 da P0752 suna nufin solonoyid na farko ya maƙale a kashe ko a kunne, P0756 da P0757 kuma na biyu ne, yayin da P0753 ke nuni ga ɓangaren lantarki. Sai dai lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta ce lallai solonoyid ɗin kansa ya lalace ba. Sau da yawa laifin soket ɗin solonoyid ne da ya yi tsatsa, ko waya da ɓera ya gwaguya, wanda aikin rewaya ne na ɗan lokaci kaɗan.

Daga nan sai a duba mai. Lafiyayyen man giya ja ne garau. Idan ya koma baƙi yana warin ƙuna, zafi ya cinye shi, kuma wanda ya san zafin Gombe a watan Maris da Afrilu ba zai yi mamaki ba. A kwance kaskon man da ke ƙasa, a dubi maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin kulochi suna nufin ɓarnar ta wuce solonoyid, kuma a nan ne kaɗai maganar bakanikenka za ta sami gindin zama.

Idan kaskon yana da tsabta, a auna solonoyid ɗin da mitar gwajin lantarki. Irin na motarka yakan nuna tsakanin om 11 zuwa 15 (om shi ne ma'aunin juriyar waya ga wutar lantarki) idan ya huce. A taɓa masa wutar batir na ɗan daƙiƙa, a saurari ƙarar "ƙas", sannan a hura masa iska a tabbatar yana buɗewa yana rufewa. Wanda mita ta tabbatar da lafiyarsa amma ya ƙi motsi, datti ne ya riƙe shi, kuma wanki da maganin fesawa na iya sakin sa, ko da yake ni na fi son a sauya shi tunda an riga an buɗe kasko. Wanda wayar cikinsa ta yanke kuwa ba shi da gyara.

Wajen mayarwa a sa sabuwar filta da gasket (abin da ke hana mai yoyo a bakin kasko), a zuba man Toyota T-IV, ba kowane jan mai da aka auno a galan ba. Kada kuma ka yarda a wanke tsohon giyabos da injin matsi, domin yakan tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin bawul. Bayan an goge lambobin, ka hau hanyar Dukku ka ji ko giyoyin huɗu suna shiga a jere.